Yadda Za Ka Binciki Cuta a Wikipedia Ba Tare da Ka Cuci Kanka Ba

Darasinmu na yau ya shafi abin da kusan kowane mai wayar hannu ke yi, ko da bai faɗa wa kowa ba. Likita ya rubuta wata kalma a kan kati, ko an karɓo sakamako daga ɗakin gwaji, ko yaro ya kwana da zazzaɓi, sai a ɗauko waya a shiga Google. Cikin shafukan farko da za su fito, da wuya a rasa Wikipedia.

A gidaje da yawa a nan Sakkwato, matashin da ke riƙe da babbar waya shi ake miƙa wa takardar asibiti a ce, "Duba muna wannan." Abin da ya karanto zai iya sa a tafi asibiti a daren, zai kuma iya sa a ce a bari a ga abin da hali zai yi. Wannan nauyi ne babba, kuma Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Don haka yau za mu koyi yadda ake karanta bayanin cuta a Wikipedia daki-daki.

Ka riƙe wannan tun daga farko. Wikipedia za ta taimake ka a abu uku: ka san ainihin sunan cuta, ka fahimci yadda take, ka kuma gano inda bayanin ya samo asali. Ba za ta iya gaya maka abin da ke damun mara lafiyarka ba, ba kuma wurin neman adadin maganin da za a sha ba ce.

Su wa ke rubuta Wikipedia?

An buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairu, 2001, a hannun Jimmy Wales da Larry Sanger. Gidauniyar Wikimedia da ke Amurka ce ke kula da na'urorin da shafin ke zaune a kansu, amma ba ita ke rubuta muƙalolin ba. Masu rubutun 'yan sa-kai ne daga ko'ina a duniya, kuma kai ma za ka iya gyara yawancin shafukan daga wayarka yanzun nan. Ta Turanci tana da muƙaloli sama da miliyan 6. Ta Hausa, wadda ake samu a ha.wikipedia.org, ƙarama ce ƙwarai idan aka kwatanta, amma kullum ƙaruwa take yi.

To in kowa na iya gyarawa, me ya sa ba ta zama kamar zauren WhatsApp ba? Saboda doka biyu. Ta farko, duk abin da aka rubuta sai an nuna littafi ko mujalla ko hukumar da aka ɗauko shi. Ta biyu, duk gyaran da aka yi ana ajiye shi tare da rana da lokaci, kuma kowa na iya mayar da shafi yadda yake a baya.

A fannin lafiya dokar ta fi tsauri. A Wikipedia ta Turanci akwai rukunin editoci da ake kira WikiProject Medicine, cikinsu har da likitoci da ɗaliban likitanci, waɗanda ke sa ido a kan waɗannan shafuka. Ƙa'idarsu ba ta yarda a kafa hujja da labarin jarida ko gwaji guda ɗaya da aka yi a kan ɓeraye ba. Ana son littattafan koyar da likitanci, da rahotannin manyan hukumomi, da irin nazarin da ke tattara bincike masu yawa ya auna su. A watan Oktoba na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Wikimedia don a riƙa amfani da bayananta na cutar korona kyauta. Duk da haka, ita kanta Wikipedia ta rubuta a shafinta cewa ba ta ba da shawarar likita.

Mataki na 1: Tabbatar da sunan cutar

Nan ne mai jin Hausa ya fi samun matsala. Sunan da muke kiran ciwo da shi a gida sau da yawa ya haɗa cututtuka biyu ko uku waɗanda likita ke rarrabewa.

Mu ɗauki misalin da ya fi kusa da mu. A cikin garin nan akwai Asibitin Yara na Noma, wanda aka buɗe a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafa wa tun 2014. Idan ka rubuta "noma" a shafin Hausa, abin da zai fara zuwa shi ne aikin gona. Idan ka rubuta a Wikipedia ta Turanci, za ta kawo maka jerin abubuwa masu wannan suna: akwai gidan abinci a ƙasar Denmak, akwai unguwa a birnin Washinton, sannan akwai cutar. Sai ka zaɓi wadda aka nuna cewa cuta ce. Wani sunanta a likitance shi ne cancrum oris, kuma shi ba ya rikicewa da komai.

Abin bai tsaya nan ba. A ƙauyukanmu akwai masu kiran wannan cuta "ciwon daji", wasu kuma "ciwon iska". Wanda ya ɗauki "ciwon daji" ya sa a manhajar fassara, za ta kai shi shafin kansa. Zai karanta labarin ƙari da gashi da tiyata, hankalinsa ya tashi, alhali noma cuta ce ta ƙwayoyin bakteriya da ke farawa daga kumburin dasashi, kuma idan aka kama ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki na tsayar da ita. Kwanakin da aka ɓata ana karanta shafin da ba shi ba ne, su ne kwanakin da take cin kumatun yaro.

Ga wasu sunayen da ya kamata ka yi hattara da su:

- Shawara. Idon mutum ya yi ɗorawa, mu ce shawara. A Turanci wannan alama ce mai suna jaundice, kuma ciwon hanta na kawo ta, maleriya mai tsanani na kawo ta, sikila na kawo ta, haka ma zazzaɓin shawara da sauro ke yaɗawa. Kowanne da shafinsa, kowanne da maganinsa.
- Sanƙarau da sankara. Idan allon rubutun wayarka ba shi da harafi mai lanƙwasa, harafin "u" kaɗai ya raba su. Na farko shi ne meningitis, mai iya kisa cikin kwana ɗaya. Na biyu shi ne kansa.
- Basir da sanyi. Waɗannan biyun sun zama buhun da ake zuba komai a ciki, musamman a bakin masu tallar magani da lasifika a kasuwa.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka roƙi likita ko nas ya rubuta maka sunan cutar da manyan baƙaƙe. Ba abin kunya ba ne. Ka ce, "Likita, don Allah a rubuta mini sunan, ina so in karanta a kai." Idan ba a je asibiti ba tukuna, to ba ka da sunan da za ka bincika, alamomi kawai kake da su. Binciken alama kaɗai, kamar ciwon kai ko kasala, zai jero maka cututtuka masu yawa, kuma zuciya ta fi saurin kama mafi muni a cikinsu.

Mataki na 2: San yadda aka tsara muƙalar

Muƙalolin cututtuka a Wikipedia ta Turanci kusan tsari ɗaya suke bi. Idan ka gane shi, ba sai ka karanta komai ba, ka rage wa kanka wahala.

A sama akwai gabatarwa mai sakin layi uku ko huɗu. Ita ce taƙaitawar muƙalar duka, kuma ita aka fi kulawa da ita. Kusa da ita akwai akwati mai ɗauke da sauran sunayen cutar, alamominta, sanadinta, yadda ake gano ta, da sashen asibitin da ke kula da ita. Daga nan sai sassa su biyo baya, kuma a waya a naɗe suke zuwa sai ka taɓa kowanne ya buɗe:

1. Alamomi, wato "Signs and symptoms".
2. Sanadi, wato "Causes".
3. Yadda ake ganowa, wato "Diagnosis". Nan za ka san irin gwajin da ya kamata a yi.
4. Rigakafi, wato "Prevention".
5. Magani, wato "Treatment" ko "Management".
6. Abin da ake sa ran zai biyo baya, wato "Prognosis".
7. Inda cutar ta fi yawa da waɗanda ta fi kamawa, wato "Epidemiology".

Shawarata ita ce ka fara da gabatarwa, ka tsallaka zuwa sashe na uku, sannan na huɗu. Sashe na shida kuwa ka karanta shi da natsuwa. Alƙaluman da ke ciki matsakaici ne na dubban mutane a ƙasashe daban-daban, ba hukunci ba ne a kan mahaifiyarka ko ƙanenka. Kada kuma ka karanta wa mara lafiya shi kai tsaye.

Mataki na 3: Taɓa ƙananan lambobin nan

A ƙarshen jimloli za ka ga ƙananan lambobi masu launin shuɗi. Yawancin mutane tsallake su suke yi, alhali su ne ƙashin bayan shafin. Taɓa ɗaya, wani ɗan akwati zai buɗe daga ƙasan waya ya nuna maka inda aka samo maganar. A shafin Hausa ana tara su a ƙasa a sashen Manazarta.

Ka yi wa kowace madogara tambaya uku. Wa ya faɗa? Yaushe ya faɗa? A kan su wa aka yi binciken? Idan ka ga sunan Hukumar Lafiya ta Duniya, ko Cochrane, ko fitattun mujallun likitanci irin su The Lancet da BMJ, hankalinka na iya kwanciya fiye da idan ka ga shafin mai sayar da magani. Idan ka ga an rubuta "citation needed" a gaban jimla, ma'anarsa wani edita ya nemi hujja ba a kawo ba. Ka ɗauki wannan jimlar kamar zancen majalisa, har sai ka same ta a wani wuri mai inganci.

Akwai labarin da ke nuna dalilin wannan taka-tsantsan. A 2007 wani ya shiga muƙalar da ke bayanin lalacewar jijiyoyi sakamakon ciwon suga, ya saka kalmar "glucojasinogen" a matsayin wata larura. Babu wannan abu a likitanci, ƙirƙirarsa ya yi. Kalmar ta zauna a shafin har 2012, kuma kafin a cire ta wasu marubuta sun riga sun kwafe ta cikin takardun da suka wallafa a mujallun kimiyya. Idan masu digiri sun faɗa wannan rami don ba su nemi madogara ba, ni da kai mun fi cancanta mu duba.

Mataki na 4: Duba shekara

Bayanin lafiya yana tsufa kamar yadda manhajar waya ke tsufa. Shi ya sa editocin fannin lafiya suka fi son madogarar da ba ta wuce kimanin shekara biyar ba. Ga misalai uku da suka shafe mu.

Na farko, noma. Kusan ko'ina za ka ga an rubuta cewa mutum 140,000 ke kamuwa da ita a shekara, kuma kashi 90 cikin 100 na waɗanda ba a yi wa magani ba suna rasuwa. Idan ka taɓa lambar za ka tarar ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ne na 1998. Yana nuna girman matsalar, amma ba ƙidayar bana ba ce. Sannan duk rubutun da aka yi kafin 15 ga Disamba, 2023 ba zai gaya maka cewa hukumar ta saka noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su ba, matakin da Najeriya ce ta jagoranci neman sa.

Na biyu, sanƙarau. Allurar MenAfriVac da aka yi wa miliyoyin mutane a Arewa tana kare nau'in A ne kawai. Ɓarkewar da aka yi a 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, nau'in C ne ya kawo ta. An samu sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu a faɗin ƙasa, sama da 1,000 suka rasu. A watan Maris na 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kare nau'i biyar: A, C, W, Y da X. Wanda ya karanta tsohon bayani zai iya cewa, "Ai an yi masa allura tun yana ƙarami, ba sanƙarau ba ne," ya yi zamansa a gida.

Na uku, maleriya. Tun 2005 Najeriya ta daina ɗaukar kulorokwin a matsayin maganin farko, ta koma haɗin da ake kira ACT, saboda ƙwayar cutar ta daina jin tsohon maganin. Duk rubutun da ya ce maka kulorokwin ne maganin maleriya a nan, ya tsufa.

Mataki na 5: Leƙa bayan shafin

Wannan ne abin da Wikipedia ta fi saƙon WhatsApp da bidiyon TikTok da shi. Kowane shafi yana da tarihinsa a buɗe.

Idan da burauza kake karatu, gangara can ƙasa, za ka ga layin da ke cewa "Last edited" tare da lokacin gyaran ƙarshe. Taɓa shi, jerin gyare-gyare zai fito. A manhajar Wikipedia ma yana ƙasan muƙalar. Idan ka ga an yi gyara minti goma da suka wuce, kuma jimlar da ta ba ka mamaki ita aka ƙara, ka buɗe sigar jiya ka gwada. Idan ka ga ana ta sakawa ana cirewa, editocin ba su daidaita a kan batun ba, kai ma kada ka yi saurin ɗauka.

Sai alamar kwaɗo. Manyan shafukan da ake yawan yi wa ɓarna akan kulle su, ta yadda sai mai asusun da ya kwana huɗu ya kuma yi gyara goma zai iya taɓa su, wasu ma kullen ya fi haka tsauri. Akwai kuma alamar daraja: koren da'ira mai alamar tarawa na nufin an tantance muƙalar an ce mai kyau ce, tauraro kuma na nufin tana cikin mafi inganci. Idan ba ka gan su a waya ba, gangara ƙasa ka taɓa "Desktop", shafin zai buɗe kamar a kwamfuta. Akwatin gargaɗi a saman muƙala, mai cewa tana buƙatar ƙarin madogara ko ta tsufa, shi ma ka karanta shi kafin komai.

Ƙa'idar da za ka riƙe: shafin cutar da ta shahara, kamar maleriya ko hawan jini, idanu da yawa ke kansa, kuskure ba ya daɗewa. Shafin wata ƙaramar larura ko wani ganyen magani na iya shekara ba wanda ya leƙa shi.

Mataki na 6: Hausa ko Turanci?

Ka yi amfani da duka biyun. A saman kowace muƙala akwai alamar harsuna, mai harafin A tare da wani harafin Sinanci. Idan ka samu cutar a shafin Hausa, taɓa alamar ka zaɓi Turanci, nan take ka samu sunanta na likitanci. Wannan ya fi manhajar fassara aminci, domin mutum ne ya haɗa shafukan biyu. Idan ka iya Larabci ko Faransanci, su ma suna nan, kuma na Faransanci zai yi amfani ga wanda ya karɓo takardar asibiti daga Ƙonni ko Maraɗi.

Sai dai a faɗi gaskiya, muƙalolin lafiya na Hausa ba su kai na Turanci samun kulawa ba. Masu gyara kaɗan ne, kuma wasu muƙalolin da na'ura aka fassara su ba a tsaya an tace ba. Alamar irin wannan fassarar ita ce jimlar da kalmominta Hausa ne amma ba ka gane me take nufi ba. Idan ka ci karo da lamba ko sunan magani a shafin Hausa, ka gwada shi da na Turanci.

Mataki na 7: Tuna cewa a Sakkwato kake

Yawancin masu rubuta muƙalolin Turanci a Turai da Amurka suke, madogaransu ma daga can ne. Wannan na shafarka ta hanya uku.

Hotunan ƙuraje da canjin launin fata galibi na farar fata ne. Jan da ake cewa a duba ba lallai ya fito haka a jikinmu ba, don haka rashin ganinsa ba hujja ba ce. Sannan abin da ya fi kawo zazzaɓi a Landan daban yake da abin da ya fi kawo shi a Mabera ko Runjin Sambo cikin damina. A nan, zazzaɓi na buƙatar gwajin maleriya, wanda ake yi da ɗigon jini cikin kimanin minti 20. Haka kuma muna cikin yankin sanƙarau da ya taso daga Senegal har Habasha, inda cutar ke tashi daga lokacin hunturu zuwa tsakiyar bazara. Abin da muƙala ta kira "ba kasafai ba" na iya zama ruwan dare a nan cikin watan Maris.

Na ƙarshe, sabon abu. A 2024, lokacin da wata rashin lafiya mai kumbura ciki ta bayyana a tsakanin yara a ƙaramar hukumar Isa, hukumar NCDC ce ta fitar da sanarwa tana bincike. A irin wannan yanayi Wikipedia baya take biyowa, domin sai an wallafa abu a wani wuri take ɗauka. Ka nemi shafin NCDC ko na ma'aikatar lafiya ta jiha. Lambar NCDC ta kyauta ita ce 6232.

Adadin magani

Da gangan editocin Wikipedia suke guje wa rubuta adadin maganin da za a sha. Dalilin a fili yake: mutum ɗaya ya canza 5 zuwa 50, kafin a gyara wani ya riga ya karanta. Ban da haka, adadin ya dogara da nauyin mutum, shekarunsa, lafiyar ƙodarsa da hantarsa, ko akwai juna biyu, da sauran magungunan da yake sha. Kada ka kwafi sunan magani daga shafi ka nufi kemis da shi. Wannan gargaɗin ya shafi ChatGPT da Meta AI ma, waɗanda ke amsa maka da cikakken ƙarfin gwiwa ko da sun yi kuskure, kuma ba su da shafin tarihin gyara da za ka leƙa.

Lokacin da za ka ajiye waya

Idan ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, lokacin karatu ya wuce. A nemi mota ko Keke ko kabu-kabu:

- Zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, ko ruɗewa, ko rashin son haske.
- Jijjiga, ko suma, ko yaro ya kasa shan nono ko ruwa.
- Numfashi da ƙyar.
- Zubar jini ga mai juna biyu, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska.
- Gudawa kamar ruwan shinkafa, da amai ba tsayawa.
- Kumburin kumatun yaro tare da warin baki da dasashi mai jini.
- Karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki farat ɗaya.
- Saran maciji.

Muna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Asibitin Ƙwararru, da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ga kuma Asibitin Noma inda ake yi wa masu wannan cuta magani da tiyata kyauta. Wanda ya fi kusa shi ne na farko. Karatun ka yi shi a kan benci bayan an karɓi mara lafiya.

Dabarun waya

Sauke manhajar Wikipedia ta asali daga Play Store ko App Store, ka tabbatar sunan Wikimedia Foundation ne a ƙarƙashinta. Tana da maɓallin "Save" da ke ajiye muƙala a waya, ka karanta ko babu sabis. A cikin saituna za ka iya kashe hotuna don rage cin data.

Akwai kuma manhajar WikiMed da aka gina a kan Kiwix, wadda ta tattara muƙalolin lafiya na Wikipedia wuri ɗaya, tana aiki ba tare da intanet ba. Tana da nauyi, don haka ka sauke ta inda akwai waifai. Tana da amfani ga ɗaliban makarantun jinya da masu aiki a ƙauyukan da sabis ke wahala. Ka tuna hoton rana ɗaya ce ta ɗauka, sai ka riƙa sabunta ta.

Batun sirri kuma, Wikipedia ba ta sa talla, ba ta kuma neman ka buɗe asusu kafin ka karanta. Amma burauzarka na ajiye tarihin abin da ka buɗe. Idan ana aron wayarka kuma abin da kake bincike na sirri ne, naka ko na wani, buɗe shafin "Incognito" a Chrome. Idan za ka tura wa wani bayani, tura adireshin shafin maimakon hoton allo, don hoto ba ya nuna madogara kuma ba ya sabuntuwa idan an gyara kuskure.

Daga waya zuwa gaban likita

Ribar wannan karatu duka ita ce ka shiga ɗakin likita da tambayoyi masu ma'ana. Layi na da tsawo, lokacin likita kaɗan ne. Rubuta tambaya uku a waya kafin a kira ku. Misali: "Likita, wane gwaji ne ya tabbatar da wannan?" "Wace alama za mu gani mu dawo da gaggawa?" "Akwai abin da sauran 'yan gida ya kamata su yi?" Idan abin da ka karanta ya saɓa da abin da ya faɗa, ka tambaya cikin ladabi: "Na karanta kaza, ko ya shafi irin namu?" Shi ya ga mara lafiyar, ya taɓa shi, ya ga sakamakon gwaji. Shafin bai ga ko ɗaya ba.

Aikin gida

Kada ka jira sai ciwo ya shigo gida, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Yau da dare buɗe muƙalar "Sickle cell disease". Nemo inda aka yi bayanin abin da ke faruwa idan mai AS ya auri mai AS, wato kowane ciki na da yiwuwar kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Taɓa lambar madogara ka ga wa ya faɗa da shekarar da ya faɗa. Duba ranar gyaran ƙarshe. Sannan taɓa alamar harsuna ka ga ko akwai ta Hausa, ka gwada su biyun. Idan ka ga kuskure a ta Hausa kuma kana da madogara mai kyau, buɗe asusu ka gyara, domin mutane irinmu ne ke rubuta ta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a darasi na gaba.